Yadda Ake Kula da Bakin Titi da Lambatun Ƙofar Gida a Birnin Kano

Tsakanin katangar gida da bakin hanya akwai wani ɗan fili da kowa yake amfani da shi, amma ba kowa ne yake yarda cewa nauyinsa yana wuyansa ba. Ta nan lambatu ya bi, a nan ake gina dakali, a nan aka kafa turken wutar lantarki, kuma galibi ta ƙarƙashinsa bututun famfo ya ratsa ya shiga gida. A unguwanni irin su Nasarawa da Bompai filin yakan yi faɗi har ya ɗauki bishiyoyi da ciyawa, a lungunan cikin birni kuwa, kamar na Yakasai ko Mandawari, wani lokaci bai wuce taku ɗaya ba, kwata ce kaɗai ta raba wannan gida da wancan. Ko mai faɗi ne ko matsattse, aikinsa na asali shi ne ya bai wa ruwa hanyar wucewa, ya kuma bai wa mai tafiya a ƙasa wurin sa ƙafa.

Ya kamata a fara sanin matsayin wurin kafin a ɗauki shebur. Filin ba mallakar maigida ba ne. Iyakar mallakarsa ita ce inda aka shata masa a takardar fili, abin da ya wuce nan kuwa hanyar jama'a ce, kuma tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar da ke cikin birane tana hannun gwamnan jiha ne a matsayin amana. Shi ya sa hukumar tsara birane ta KNUPDA take da ikon shafa jan fenti a kan shago ko katangar da ta ci hanya, ta kuma rushe idan ta kama. Sai dai rashin mallaka bai sauke wa mutum nauyin kulawa ba, domin babu hukumar da za ta iya share ƙofar kowane gida a ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni, kuma idan lambatu ya toshe, zauren maigida ruwan yake fara shiga, ba ofishin hukuma ba. Addini ma bai bar maganar a buɗe ba, tunda ya tabbata a hadisi cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani, kuma hana cuta yana daga cikin haƙƙoƙin hanya da aka ɗora wa masu zama a bakinta.

Matakin farko shi ne duba, kuma mafi kyawun lokacin duba shi ne sa'ad da ake ruwan sama ko jim kaɗan bayan an ɗauke. A lokacin ne mutum zai ga ta ina ruwa yake zuwa masa, ina ya nufa, a wane wuri yake tsayawa, kuma ta wace kafa yake komowa kan hanya. Wanda bai samu damar dubawa da damina ba, sai ya nemi alamun da ruwa ya bari: layin danshi a gindin katanga, wurin da ƙasa ta zaizaye, da inda yashi ya taru. Ya bi lambatun da ƙafa har zuwa inda ya haɗu da babbar magudana ko kwalbati, domin sau da yawa matsalar da ake gani a ƙofar gida asalinta yana can gida biyar ko goma a gaba. Ya kuma lura da inda bututun famfo ya ratsa da inda wayar wuta ta sauko, saboda kada diga ta same su ranar aiki.

Mataki na biyu shi ne magana da maƙwabta, kuma bai kamata a tsallake shi ba ko da mutum yana da halin ɗaukar lebura shi kaɗai. Lambatu ba ya sanin iyakar gida. Idan ka yashe naka ya yi zurfi alhali na gaba da kai a cike yake, ka haƙa wa kanka tafki ne kawai, duk ruwan layin zai zo ya kwanta a ƙofarka. Don haka sai a sami maƙwabta a masallaci ko a majalisa, a yi magana cikin mutunci ba da sigar tuhuma ba, misali a ce: «Alhaji, damina ta ƙarato, ga lambatun namu ya cika, me zai hana mu sa rana mu yashe shi tare tun daga kan kwana?» Idan layin yana da tsawo, ko akwai gidan da ba a jituwa da shi, a sanar da mai unguwa ya sa baki, domin maganarsa tana shiga inda ta maƙwabci ba za ta shiga ba. Unguwanni da yawa a Kano suna da ƙungiyoyin taimakon kai da kai waɗanda suka saba da irin wannan aikin gayya, kuma sukan mallaki baro da shebur da za a iya ara. A wannan zaman ne za a yanke abin da kowane gida zai bayar, kuma a fayyace tun farko cewa mafi yawan kuɗin na kwashe dagwalon da za a fitar ne, ba na fitar da shi ba.

Game da lokaci, babban yashe na shekara ya fi dacewa a watan Afrilu zuwa farkon Mayu. Kusan duk ruwan da Kano take samu yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, mafi ƙarfinsa a watan Agusta, saboda haka a bazara abin da ke cikin lambatu ya fi bushewa, ya fi sauƙin ɗiba, kuma aikin zai riga ruwan farko wanda shi ne yake kwaso ƙurar hunturu da ledar da ta taru wata da watanni. A fara da sassafe bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi. Asabar ta ƙarshen wata, wadda ake taƙaita zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe domin tsaftar muhalli, rana ce mai kyau saboda mutane suna gida kuma hanya ba ta da cunkoso. Kayan aikin da ake buƙata su ne shebur, manjagara, diga, baro, tsintsiya mai kauri, tsofaffin buhuna, da dogon ƙarfe ko gora na zungurar ƙarƙashin kwalbati. Duk mai shiga lambatu ya sa dogon takalmin roba da safar hannu mai kauri da takunkumi, domin a cikin dagwalo akwai fasassun kwalabe, reza, ƙusa mai tsatsa, har da allurar da aka yi amfani da ita. Wanda ya yanke ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsafta nan take, ya je asibiti a duba ko yana buƙatar allurar titanus. Wannan ba aikin da za a tura ƙananan yara ko almajirai su yi da ƙafa ba takalmi ba ne, kuma abin takaici ne yadda ake yawan ganin hakan a ƙofar gidajen masu hali.

Shi kansa yashen ana fara shi ne daga ƙasa, wato daga inda ruwan yake fita zuwa babbar magudana, a riƙa yowa sama zuwa inda ya taso. Dalili shi ne idan aka buɗe mafita tukuna, ruwan da ya kwanta zai tsiyaye da kansa, masu aiki su sami laka mai kauri maimakon su yi ta ɗibar ruwa da shebur. A fara jan leda, robobi da tsumma da manjagara, a zuba su a buhu dabam. Daga nan a ɗebe yashi da laka har sai shebur ya taɓa kankaren ƙasan lambatun, domin yashen da ya tsaya a rabi ruwan sama ɗaya ne zai mayar da shi yadda yake. Idan lambatun na ƙasa ne ba a gina shi ba, kada a zurfafa shi fiye da mafitarsa, a dai daidaita shi yadda zai riƙa gangarawa kaɗan-kaɗan. Ƙarƙashin kwalbati da gadojin shiga gida su ne suka fi riƙe datti, sai a ɗaga murfin idan yana ɗaguwa, idan kuma ba ya ɗaguwa a zungure shi da dogon ƙarfe daga ɓangarorin biyu, a watsa ruwa a ga ko ya wuce. Kada wani ya rarrafa cikin doguwar rufaffiyar magudana, saboda ruɓaɓɓen datti yana tara iska mai guba da takan sumar da mutum kafin ya ankara. Irin wannan wuri aikin hukuma ne da masu kayan aiki.

A nan ne aka fi yin kuskuren da yake ɓata wahalar mutane a birnin nan. Kowa ya saba ganin tsibi-tsibin baƙin dagwalo jere a bakin lambatu bayan an gama aikin gayya, a bar shi mako biyu ko wata guda, awaki su tona, motoci da 'yan adaidaita sahu su tattake, iska ta kwashe busasshen ta kai shi kan abincin da ake sayarwa a gefe, ragowar kuma ruwan farko ya mayar da shi inda aka ciro shi. Aikin da aka yi haka tamkar ɗibar ruwa da kwando ne. Ba a gama yashe ba sai an kwashe. Abin da ya dace shi ne a bar dagwalon ya tsane na kwana ɗaya ko biyu kacal, a ɗan nesa da bakin lambatun kuma ba a kan kwalta ba, sannan a loda shi a buhu ko baro a kai wurin da aka ware na tara shara, ko a yi jinga da mai mota ya ɗauke gaba ɗaya. Kafin ranar aiki, wakilin layi ko mai unguwa ya sanar da hukumar kwashe shara ta REMASAB, amma kada a dogara da zuwan motarta kaɗai, a tanadi kuɗin haya ko da za a buƙata. Wanda ya bai wa yaro mai baro shara ya tambaye shi inda zai zubar, domin idan a magudanar bayan layi ya juye, sharar ba ta bar unguwar ba. Mafi yawan ruwan cikin birni yana gangarawa ne zuwa rafin Jakara, kuma da yawa daga cikin kududdufan da a da suke shanye ruwan unguwanni an cike su an yi gini, saboda haka duk ledar da ta shiga lambatu yanzu tana tafiya ne ta toshe wa wasu hanya. Kada kuma a ƙona leda da roba a bakin hanya, hayaƙinsu yana cutar da ƙirji, zafin wutar kuma yana fasa kankare da kwalta.

Bayan lambatu ya fito fili sai a duba lafiyar gininsa. Inda bango ya tsage ko ya karkata a kira magini ya gyara kafin ruwa ya shiga ta tsagar ya cinye ƙasar gindin katanga. Inda ƙasan ya lotsa har ruwa yake kwanciya, a cike da kankare a daidaita gangaren, kuma gangaren santimita ɗaya a kowace mita ya isa ruwa ya tafi. Wannan gyara yana da muhimmanci ga lafiya, domin a yanayin zafi irin namu sauro yana iya kammala girma daga ƙwai zuwa mai tashi cikin kwana 7 zuwa 10, ke nan ruwan da ya yi mako guda a kwance ya riga ya zama masauƙinsa.

Maganar murfi da gadar shiga mota tana buƙatar natsuwa, domin a nan ne mutum yake kashe kuɗi mai yawa ya sayo wa layinsu matsala. Al'adar da ta yaɗu ita ce a zuba kankare a shafe lambatun ƙofar gida baki ɗaya daga wannan iyaka zuwa waccan, wuri ya yi kyau a ido, alhali an rufe hanyar yashewa har abada. Wasu kuma sukan jefa ƙaramin bututu a cikin lambatun su binne, wanda ruwan Agusta ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Abin da ya kamata shi ne a yi murfin gunduwa-gunduwa, kowanne faɗinsa kamar santimita 50 zuwa 60, yadda mutum biyu ko uku za su iya ɗaga shi da ƙarfe su mayar. A haɗa kankaren da awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, a sa rodi a ciki, kuma inda mota za ta taka a ƙara kauri zuwa kamar santimita 15 da rodi mai milimita 12. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma na aƙalla kwana bakwai, kuma kada a ɗora masa nauyi mai yawa da wuri, tunda kankare yana kai wa cikakken ƙarfinsa ne a wajen kwana 28. A bar 'yan kafofi tsakanin murafen ko a gefensu domin ruwan kan titi ya sami mashiga. Murfin ƙarfe yana da sauƙin ɗagawa, amma yana jan hankalin ɓarayin ƙarfe, sai dai idan za a yi masa walda da maratayi. Gadar kuma kada ta yi tudu har ta hau kan kwalta, domin tana tare ruwa, tana kuma kayar da masu babur da dare.

Ruwan da yake fitowa daga cikin gida ma yana cikin lissafi. A sa raga a bakin rariya ta tare ragowar abinci da leda, indararo kuma a haɗa shi da bututun da zai sauko da ruwa cikin lambatu maimakon ya riƙa zuba a kan masu wucewa yana haƙe ƙasa. Masai ko ramin bayan gida ba a haɗa shi da lambatu ko kaɗan, kuma sakin sa cikin dare idan ana ruwan sama zalunci ne ga duk wanda yake ƙasa da kai, musamman da yake bututun famfo da yawa a cikin lambatu suke kwance, kuma ta fasasshen bututu ƙazanta take shiga ruwan sha ta haddasa amai da gudawa. Wanda bututunsa ya bi ta cikin lambatu ya sa mai gyaran famfo ya ɗaga shi sama da iyakar ruwa.

Sai ƙasar da ke tsakanin lambatu da katanga, ko tsakaninsa da kwalta. A daidaita ta yadda za ta gangara zuwa lambatu, ba zuwa gindin katanga ba, a cike ramuka da burji a daddaɓe. Baraguzan gini masu ƙusa da fasassun tayil ba abin cike hanya ba ne. Wanda yake da hali ya shimfiɗa intalok, wanda ya fi zubin kankare dacewa da wannan wuri, saboda ana iya cire shi a gyara bututu a mayar, kuma ruwa yana ɗan shiga ta tsakaninsa. Inda akwai ciyawa, ba tumɓuke ta ake yi gaba ɗaya ba, domin saiwarta ce take riƙe ƙasa kada ta zube cikin lambatu; a dai riƙa rage mata tsawo da lauje ko adda duk mako biyu da damina, kada ta zama maɓoyar maciji da ɓeraye. Mai shara da safe, ko yaran gida ne ko mai aiki, a koya masa ya tara ya kwashe, kada ya tura cikin lambatu, domin wannan 'yar turawar ta kullum ita ce take cika shi fiye da komai. Da hunturu a ɗan yayyafa ruwa kafin shara saboda ƙura.

Dasa bishiya a ƙofar gida alheri ne babba a gari mai zafi kamar Kano, amma sai an zaɓi iri da wuri. A dasa a watan Yuli lokacin da ruwa ya zauna, a haƙa rami kamar santimita 60 a faɗi da zurfi, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, a kewaye dashen da bulo ko raga saboda awaki, a kuma ɗauki nauyin ba shi ruwa a ranin farko da na biyu. A bar tazarar aƙalla mita biyu daga katanga da lambatu. Darbejiya tana jure fari kuma tana da inuwa, amma tana tsawo sosai, don haka ba a dasa ta a ƙarƙashin wayar wuta. Ceɗiya da durumi saiwarsu tana bin danshi ta fasa gini, sun fi dacewa da fili mai faɗi. Inda wuri ya matse, zogale ko 'yan furanni sun wadatar. Reshen da ya kusanci wayar wuta a kira ma'aikatan kamfanin rarraba wutar lantarki na KEDCO su kashe layin kafin a sare, babbar bishiyar bakin titi kuwa kada a kayar da ita sai an nemi izinin Ma'aikatar Muhalli.

Abin da ake ajiyewa a wurin shi ma kulawa ne. Mai gini ya tare yashinsa da bulo kada ya gangara cikin lambatu, ya kuma kwashe ragowar da zarar an gama. Dakali, teburin sana'a, janareta, turken rago da matacciyar mota, kowannensu idan ya cinye wurin tafiya yana tilasta wa yara 'yan makaranta da tsofaffi da makafi su sauka kan kwalta su yi gogayya da ababen hawa. Ma'aunin mai sauƙi ne: a bar wurin da mutum biyu za su iya giftawa ba tare da ɗaya ya sauka titi ba. Wanda ya ba mai shayi ko mai suya wuri a ƙofarsa ya sharɗanta masa kwandon shara da kwashe shi kullum.

Bayan babban yashen bazara, abin da ya rage ɗan aiki ne amma na yau da kullum: shara kowace safiya, jan leda da manjagara sau ɗaya a mako, da leƙa bakin kwalbati bayan kowane ruwa mai ƙarfi, sannan a sake yashe na biyu a watan Oktoba domin fitar da yashin da damina ta tara kafin ya bushe ya yi tauri. A gidan haya a rubuta a yarjejeniya cewa shara da yashe na 'yan haya ne, gyaran gini da murfi kuwa na mai gida ne, kuma a gidan da yake da ɗakuna da yawa a riƙa yin aikin bi da bi. Abin da ya fi ƙarfin mazauna, kamar kwalbatin da ya rufta, babbar magudanar da ta cike, ramin da ya ci kwalta ko fashewar babban bututun ruwa, a rubuta takarda da sa hannun mai unguwa da na wasu magidanta, a haɗa da hotuna, a kai wa kansila da sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, ko hukumar gyaran tituna ta KARMA, ko hukumar ruwa, gwargwadon abin da ya lalace, a riƙe kwafi mai ɗauke da hatimin karɓa domin bibiya. Kafin a zo gyara, a kewaye ramin da wani abu mai haske da za a iya gani da dare, a kuma gaya wa iyaye su hana yara wasa a wurin idan hadari ya haɗo.